Ranar da Famfo Shida Suka Ƙi Kawo Ruwa

Da mun zauna mun naɗe hannu kamar yadda aka ce mu yi, da kwana goma sha huɗu kawai za mu yi a makarantar nan. To amma mu talatin da biyu ne, kowa da sana'arsa, kuma babu ko ɗaya a cikinmu da ya iya zaman banza. Wannan shi ne kuskurenmu, kuma ina cikin waɗanda suka fara shi.

Ni mai gyaran famfo ne. Shekara huɗu na yi a ƙasar waje ina haɗa bututu a benayen da ba za a bar ni ko leƙa su ba bayan an gama. Da annoba ta ɓarke aka rufe wuraren aiki, aka loda mu a jirgi aka juye mu gida. Mun ɗauka za a ce mana sannu da zuwa. Feshi aka fara yi mana. A filin wata makarantar firamare da aka rufe aka jera mu, wani ya fito cikin farar leda tun daga kai har ƙafa, da tanki a bayansa irin na masu gonar tumatir. Ya feshe mu gaba da baya, ya feshe jakunkuna, ya feshe har Baba Magini, dattijon da ya haifi kamarsa, yana tsaye da furfurarsa ruwan magani na ɗiga daga gemunsa.

Mai kula da wurin wani jami'i ne gajere, takunkumi biyu yake ɗaurawa, ɗaya kan ɗaya. Ya sa aka ja igiya daga bishiyar tsakar fili zuwa ofishin hedimasta, mu a ciki, shi a waje. Ko taku biyar ne tsakaninku, da lasifika zai yi maka magana. Kafin rana ta faɗi mun raɗa masa Oga Lasifika. Shi ne ya ba da umarni aka karɓe fasfonmu, aka liƙa wa kowanne ƴar takarda mai lamba, aka zuba a buhun shinkafa. Ya ce daga yau da lamba za a san kowa, don sauƙin aiki. Ni na samu goma sha bakwai. A can ma lamba gare ni, a jikin hular kwano, amma doguwa ce. Kafinta, wani siriri da bakinsa ba ya hutawa, ya ce mu gode wa Allah, ai an rage mana tsawo.

Ban ƙi killacewa ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Innata na kwance wata biyu, ba annoba ba ce, tsufa ne da ciwon ƙirji, kuma likitanta ya riga ya ce wa Yayata a kira na nesa. Ni ne na nesan. Ba zan so in kwaso cuta in kai mata ba. Daga makarantar zuwa gidanmu tafiyar minti arba'in ce da ƙafa. Kullum da safe Yaya za ta kira ta ce Inna ta tambaya saura kwana nawa, in faɗa mata, ta je ta faɗa. Tsoro ɗaya nake kwana da shi nake tashi da shi, kada in iso in tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Wurin kuwa sai wanda ya gani. Banɗaki huɗu, biyu ba ƙofa, dukkansu a toshe. Famfo ɗaya, rabonsa da ruwa tun ba a san annoba ba. Jarka biyu ake kawo mana a rana. Abinci a leda ake ɗaurawa a bakin dogon katako a zuro ta ƙarƙashin igiya. Kujerun zama na ƴan aji ɗaya ne, in ka zauna gwiwarka na gaisawa da haɓarka. Duk abin da muka yi kuka da shi, Oga Lasifika zai ce an rubuta wa na sama.

A kwana na uku Baba Magini ya kasa daurewa. Akwai wata matakala da ta tsage a ƙofar ajin da muke kwana, tun ranar farko yake harararta. Da hantsi sai ga shi da cokalin gini, ya tsinto ragowar siminti a sito. Ya kamata ku san wani abu game da mu. A can, in shugaban aiki ya gan ka zaune, ko aikinka ya ƙare, ka shiga uku. Saboda haka jiki ya saba, in ba aiki sai ka ƙirƙiro. Sannan babu wanda ya baro kayan aikinsa. Wani ya bar riguna, wani ya bar bargo, amma sifana da filaya da zarto duk sun hau jirgi.

Ina ganin Baba ya durƙusa na ji tafin hannuna na ƙaiƙayi. Na je na duba injin da ke tura ruwa tanki. Lafiyarsa ƙalau, iska ce ta shige shi da wata ƴar roba da ta mutu. Na yanko madadinta daga tsohon silifas. Kafin azahar famfo ya yi tari sau biyu ya kawo ruwa, manyan mutane masu ƴaƴa suna ta tsalle a ciki. Na ja sabon layi zuwa banɗaki, na sa babban makullin ruwan a rami bayan aji huɗu, Baba ya rufe shi da murfin siminti. Haka ake yi a makaranta, in ka bar makulli a fili yara sun samu abin wasa. Kafinta ya rataya ƙofofi. Masu fenti suka tsinto rabin bokiti. Cikin mako guda makarantar ta zama wurin da mutum zai zauna bai ji kunyar kansa ba. A ƙarshen makon ne kuma aka zo aka zura mana tsinken auduga a hanci, aka ce sakamako zai fito kafin wa'adi.

Oga Lasifika bai ce an gode ba. Amma na lura ya fara zagaye igiyarsa yana ɗaukar hoto.

Ranar kwana goma sha huɗu muka tashi da wuri muka ɗaure kaya. Na ce wa Yaya ta faɗa wa Inna yau ne. Wajen ƙarfe tara mota ta shigo, muka miƙe. Ba bas ba ce. Siminti ne da bulo da bututu da kan famfo sababbi guda shida. Oga Lasifika ya hau kan bulo ɗaya don ya ƙara tsawo, ya sanar da mu cewa sakamako bai iso ba, ɗakin gwaji ya cika. Ya ce tunda muna zaune, sai mu ɗan motsa jini, a gina wurin wanke hannu a bakin ƙofa, domin ranar Alhamis Babbar Likita za ta zo duba cibiyoyi, kuma tamu ce za a nuna a talabijin.

Kun ɗauka mun ƙi? Mun yi gunaguni, mun zagi iyayen bulo, sannan muka ga yadda direban ke jibge siminti a inda ruwa ke kwanciya, Baba ya daka masa tsawa, muka kwashe. Daga kwashewa sai awo, daga awo sai tono. Da yamma Baba ya zauna yana kankare siminti daga yatsunsa, ya ce, “Mun nuna masa hannunmu. Wa ya taɓa ganin an saki jakin da ke ɗaukar kaya kyauta?” Babu wanda ya yi dariya sai Kafinta, shi ma ta ciki ce.

Kafinta ne ya gano mana gaskiya. A kwana na goma sha bakwai aka kira shi ya gyara tagar ofishin hedimasta ta waje, da sharaɗin kada ya yi numfashi zuwa ciki. Ya dawo ba ya wasa, abin da ba mu taɓa gani ba. Ya ce ya ga ambulan mai hatimin ɗakin gwaji, an riga an farke bakinsa, kuma da idonsa ya ga Oga Lasifika ya cusa shi cikin buhun fasfo ya tura ƙarƙashin tebur.

Washegari Yaya ta kira. Na jira ta ce Inna ta tambaya saura kwana nawa, ba ta ce ba. Na tambaye ta. Sai ta ce, “Auta, ta daina tambaya.”

Ban san lokacin da na isa bakin igiya ba. Na faɗa wa Oga Lasifika komai, na roƙe shi, na ce uwata ce, na ce ya buɗe ambulan ɗin in nawa da cuta zan zauna wata guda. Ya ja da baya taku uku, ya ɗaga lasifika ya ce lamba goma sha bakwai ya koma bayan igiya, babu wani ambulan, kowa ma da uwa. Ya ce bayan Alhamis za a duba. Wallahi da ba a riƙe ni ba da lasifikar nan ya haɗiye ta.

Na yanke shawarar haura katanga. Baba Magini ya zaunar da ni a ƴar kujerar nan ta yara. Ya ce in na fita ba takarda, maƙwabta ne za su fara kiran hukuma, a dawo da ni a sake ƙirga daga ɗaya, a kuma garƙame gidanmu da Inna a ciki. Sai ya tambaye ni, kamar mai tambayar hanya, ko wani ya san inda makullin ruwa yake ban da ni da shi. Na ce babu. Ya ce to madalla, a faɗa wa kowa ya cika bokitinsa ranar Laraba da yamma.

Alhamis ta yi. Da sassafe Oga Lasifika ya gwada famfo shida da kansa, duk suka zubo, ya ɗaura musu jan ƙyalle. Yana juya baya na zagaya bayan aji huɗu, na ɗaga murfin, na murɗa makullin, na mayar. Sannan muka fito da kujerun yara muka jera a inuwa, tazara daidai yadda doka ta ce, kowa da takunkumi, hannu a kan gwiwa. Oga Lasifika ya ji daɗin wannan ladabi har ya ɗaga mana babban yatsa.

Babbar Likita ta iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, doguwar mata mai tabarau, da alama cibiya ta biyar ke nan da ta gani tun safe. Mai kyamara na biye da ita. Oga Lasifika ya yi ta bayani, yadda ya tarar da wurin kango, yadda ya hana kansa barci, yadda ya tsara komai. Mu dai muna zaune muna jin labarin wahalar da ya sha. Ya kai ta gaban famfo, ya kwance ƙyalle, ya matsa mata sabulun ruwa a tafin hannu da kansa, ya cika shi sosai. Ta murza. Ya buɗe famfo na farko.

Famfo ya ja numfashi ya yi shiru. Ya buɗe na biyu. Ya buɗe na uku, ya ɗan mare shi. Har na shida. Likita na tsaye hannu biyu a sama, kumfa na gangarowa zuwa agogonta, mai kyamara kuma bai ga dalilin tsayawa ba. Oga Lasifika ya ruga ya ƙwanƙwasa tanki, tanki ya amsa a cike. Ya dawo gumi ya jiƙa takunkumin ciki ya fara na waje. Ya ɗauki lasifika.

“Lamba goma sha bakwai!”

Tsuntsu ne kawai ya amsa daga kan bishiya. Ya sake kira. Ya bi layinmu da ido, fuska talatin da biyu a rufe, kuma a kwana ashirin bai taɓa kallon ɗaya da kyau ba. Ni da na tsaya gabansa shekaranjiya ina roƙo, sau biyu idonsa ya wuce ta kaina. Ban motsa ba.

Likita ta tambayi wa ake nema. Ya ce mai famfo. Ta juyo gare mu ta ce wane ne goma sha bakwai. Baba Magini ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya ce, “Ranki ya daɗe, mun duba, duk cikinmu babu wanda uwarsa ta raɗa wa haka. Amma in an kira mutum da sunansa, ina jin zai taso.”

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta juya ga Oga Lasifika ta ce to ya kira shi da sunansa. Ya ce sunayen na cikin fasfo. Ta ce fasfo na ina. Ya ce an adana. Ta ce fasfon mutane a hannunsa, da izinin wa? Ya fara bayanin sauƙin aiki, ta ce wa direbanta ya shiga ofis ya ɗauko. Oga Lasifika ya ce shi zai je, ta ce a'a, ya tsaya nan ya taya ta riƙe kumfa.

Direba ya fito da buhun shinkafa ya zazzage a kan teburin da aka shirya don jawabi. Fasfo suka zubo, ambulan ya biyo baya, ya sauka a sama kamar an aiko shi. Kafinta ya yi wani ɗan tari wanda ba na cuta ba. Likita ta goge hannu a jan ƙyallen nan, ta zaro takardar, ta karanta. Ta dubi kwanan watan, ta ƙirga da yatsa. Kwana takwas ke nan da fitowar sakamakon, kuma dukkanmu lafiya lau. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ce wa mai kyamara ya matso ya ɗauki takardar da kyau, sannan ta karɓi lasifikar daga hannun mai ita ta ajiye a ƙasa.

Ta tsallake igiya. Ta ɗauki fasfo mai lamba goma sha bakwai, ta ɓare ƴar takardar, ta buɗe, ta kira sunana da na mahaifina da bakinta. Na yi niyyar in tashi da isa, in ɗan ja lokaci. Sai kawai na miƙe kamar ɗan makaranta na ce na'am. Ta miƙo mini, ta ce, “Sannu da zuwa, Malam. Ka yi haƙuri. In ba damuwa, a taimaka mini da ruwa.”

Na je na buɗe. Da yake Oga Lasifika ya bar famfo shidan a buɗe kuma yana tsaye a gabansu, shi ya fara samu, daga ciki har takalmi.

Kafin la'asar kowa ya karɓi fasfonsa da takardar sallama mai hatimi. Na ji Baba na tambayar Likita, cikin ladabi, a wane ofishi leburori ke kai ƙarar wanda ya sa su aiki a tsare, tana rubuta masa. Ban tsaya jin ƙarshe ba. Na saɓa jaka na kama hanya, rabi tafiya rabi gudu.

A layinmu labari ya riga ni isa, cewa ɗan waje ya dawo. Mai shagon kan kwana, wanda muka yi wasan ƙasa tare, yana hango ni ya ja ƙofarsa. Wata maƙwabciya ta kwashe shanyarta, kamar zan yi wa zannuwan tari. Na ɗaga takardata sama ina tafe ina nuna wa tagogi, raina na ƙuna. Amma idona na kan ƙofar gidanmu. Babu tabarma, babu takalman baƙi. Na ƙwanƙwasa.

Yaya ta buɗe. Ta karanta takardar tukuna, don ita ba ta wasa da lafiyar Inna, sannan ta fashe da kuka ta ce na rame. Ta sa na yi wanka na sauya kaya kafin ta bar ni na shiga.

Inna ta ƙanƙance, har gadon ya yi mata yawa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta lalubo fuskata da hannu, ta shafa, ta ja kunnena kaɗan don ta tabbatar. Na jira addu'a, ko faɗa. Sai ta ce, da ƴar muryar da ta rage mata, “Auta, famfon tsakar gida na zuba.”

Na dubi Yaya. Ta share ido ta ce tun watan da na tafi yake ɗiga. Masu gyara uku ta kawo, Inna ta kore su ɗaya bayan ɗaya, ta ce tana da mai famfo, ba ta haifi ɗa don wani ƙato ya zo ya taɓa mata famfo ba. Shekara huɗu Yaya na sauya bokiti safe da yamma.

Na fita na duba. Aikin minti biyar ne, roba ce kawai. Na buɗe jaka na zaro sifana, na zauna a ƙasa, ina ganin famfon biyu-biyu saboda hawaye. Na ɗora sifana ke nan na ji Inna na magana daga ɗaki. Ban ji ba, sai da Yaya ta leƙo ta maimaita mini.

“Ta ce kada ka gama yau. Wai in ka gama, komawa za ka yi.”

Na mayar da sifana cikin jaka. Na ɗauki bokitin da ya cika na juye a randa, na mayar da shi ƙarƙashin famfo, na koma na zauna kusa da ita.